'Yan wasa nawa za su ishi ƙungiyar jami'a a kakar bana?

A hirar da muka yi kan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka kafin a buɗe kaka a Nuwamba, an fi jan hankali kan lissafi. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, minti 200 ke nan koci zai raba. Daga 2025, jami'o'in da suka shiga sabon tsarin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, na iya rajistar 'yan wasa 15, amma yawancin kociyoyi mutum takwas ko tara kawai suke juyawa a fili.

Shawarar da ta fi karɓuwa: a daina ƙirga kawuna, a duba dogaye. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, in dogonka ya kwashi biyu tun minti shida na farko, wa zai tashi daga benci ya tsare ƙarƙashin kwando? Nan ake gane zurfin ƙungiya.

Wani ya kawo misalin jami'ar Duke, wadda ta ci kofin 2015 da 'yan wasa takwas kacal masu samun tallafin karatu. Ni dai ina ganin sa'ar rashin rauni ta taimake su. An kuma gargaɗi koci kada ya jibge matasa a benci, don gobe sai su sauya sheƙa.