Karkarwar leɓe da girgiza a ƙaho: ta yaya kuka samu taku?

Ɗan Tudun Wada:
Ina gaida manya da 'yan'uwa mabusa. Shekarata huɗu ina busa ƙahon turampet a badujalar cocinmu, amma abu biyu sun gagare ni. Na farko karkarwar leɓe, wato yatsu na wuri ɗaya a kan bawul (maɓallan da ake dannawa a jikin ƙahon) amma sauti na kai-komo tsakanin murya biyu da sauri. Na biyu girgiza, irin wadda mabusan jaz ke yi a ƙarshen dogon sauti. Wata uku ke nan ina fama, in na gwada sai ka ce an shaƙe ɗan akuya. Wanda ya samu, don Allah ya gaya mana yadda ta zo masa.

Tsohon soja, Rukuba:
Yarona, sunan ne ya yaudare ka. Leɓe ba shi ne mai aikin ba, harshe ne da iska. Ni ma na ɓata kusan shekara ina matse baki ina saki, har muƙamuƙina ya riƙa ciwo. Wata safiya sajan ɗinmu ya karɓe ƙahon daga hannuna, ya ce in yi fito, murya ƙasa, murya sama. Na yi. Ya ce, me ya motsa? Sai na lura bayan harshena ne ke ɗagawa yana sauka, kamar mai cewa "a-i-a-i". Ya miƙo mini ƙahon ya yi tafiyarsa. Ba ranar na samu ba, sai bayan mako shida, kuma ina tsaka da wasa da ƙahon ne karkarwar ta fito da kanta. Ka sa madubi a gabanka. In haɓarka na tsalle kamar mai taunar goro, ba ka kan hanya.

Malamar waƙa, Rayfield:
Baba ya yi gaskiya, amma ɗan'uwa, a wace murya kake gwadawa? Nan yawancin yarana ke faɗuwa. In ba ka danna bawul ko ɗaya ba, ƙaho na ba ka waɗannan muryoyi daga ƙasa zuwa sama: do, so, do, mi, so, ta, do, re. Duba da kyau: a ƙasa tazarar na da faɗi, daga do zuwa so tsalle ne babba, amma kana hawa matakalar na ƙara matsewa. Mai neman karkarwa tsakanin do da so na ƙasa, wahala kawai yake saya.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce danna bawul na 1 da na 3 tare. Bututun ya ƙara tsawo, sai so na sama da la su zama maƙwabta a yatsu ɗaya. Na fara a hankali, murya ɗaya a kowane bugu, mitironom (na'urar ƙirga bugu) na kan bugu 60 a minti, sannan biyu, uku, huɗu. A uku na maƙale har wata biyu, na yi fushi na ajiye, da na dawo bayan mako guda sai ga huɗu ta zo ba gardama. Kuma ka busa a hankali. In ka cika ƙarfi murya kan kafe a raminta ta ƙi motsi.

Abin ba sabo ba ne. Kafin a ƙirƙiro bawul a Jamus wajen 1815, yawancin mabusan ƙaho a Turai da baki suke yin karkarwa. Kakakin fada ma ai ba shi da bawul, da baki da iska ake sauya masa murya. Littafin koyon ƙaho na Arban, wani mabushi Bafaranshe, na 1864 na da darussan wannan, shi nake bi da yara har yau.

Makaniki, Farin Gada:
Ni ta girgiza zan ba da labari, don na ga ta kaina. Na kalli bidiyon Louis Armstrong, shahararren mabushin jaz na Amurka, a YouTube, na ga hannunsa na rawa, na ce ashe abin sauƙi ne. Ranar wani biki a watan Disamba, sanyin Jos ya busar mini da baki, muna rako amarya, na hau so na sama na kama jijjiga ƙaho kamar ina kwance noti mai tsatsa. Sautin ya fito, mata suka yi guɗa. Da na cire ƙahon sai ga jini a cikin bakinsa. Leɓen sama ya tsage ta ciki inda ya haɗu da haƙori. Mako biyu ban busa ba, shayi ma da ƙyar.

Daga baya na gane motsin ɗan kaɗan ne. Hannun dama ke kai ƙahon gaba da baya, har wanda ke nesa ba zai lura ba. Sassauta nauyin ƙahon a kan leɓe kake yi kana mayarwa, ba danna shi cikin haƙora ba. Ƙaramin yatsa kuma na daina sa shi a ƙugiyar da ke jikin ƙahon, don da shi nake jan ƙarfen cikin bakina ban sani ba. Yanzu lokacin hunturu bakin ƙahon a aljihun wando yake zama ya yi ɗumi, man kaɗanya kuwa sai bayan busa, in ka shafa kafin nan santsi zai dame ka.

Ɗan Bukuru:
Ku yi haƙuri, ni tawa ta bambanta. Da hannu na fara samun girgiza, shekara uku ina yin ta a bukukuwa kafin harshe ya koya. Hannun ne ma ya nuna mini inda murya ke karyewa, daga nan na rage shi kaɗan-kaɗan har karkarwa ta tsaya da ƙafarta.

Tsohon soja, Rukuba:
Ban musa ba, ɗan Bukuru, na san masu yin haka. Amma kai Allah ya ba ka hannu mai sauƙi. Wanda so na sama bai zauna masa daram ba, in ka ce ya girgiza, inda makaniki ya je can zai je.

Malamar waƙa, Rayfield:
Kuma kada a haɗa su. Karkarwa tsaf take, murya biyu maƙwabta, daidai-wa-daida. Girgiza ta fi faɗi da kaushi, da gangan ake barin ta haka. Wani yarona ya saka girgiza a tsakiyar waƙar jana'iza, sai da kowa ya waiwayo.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Mama, kin kama ni, tsakanin do da so na ƙasa nake ta fama. Jiya da yamma na hau dutsen bayan gidanmu, don maƙwabta sun gaji da ni, na danna 1 da 3, na jingina waya a matsayin madubi. Baba, haɓar tana tsalle sosai. Biyu a kowane bugu na samu, uku ta ƙi, bayan minti 10 bakin ya mutu. Minti nawa kuke yi a rana kafin ku ajiye?