Neman shawara: anya motata za ta iya hawan Mambila?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi mani haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Ni malamin makaranta ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa nike zaune. Akwai abokina ɗan Gembu, can bisa tsaunin Mambila a jihar Taraba, da muka yi karatu tare a Zariya, ɗaki guda muka zauna shekara uku, lokacin da mahaifinmu ya rasu shi ya biyo ni har gida ya yi kwana bakwai yana amsar gaisuwa tare da mu, har Hajiyarmu take ce mashi ɗan autanta, da bikina ya tashi kuma ya taso tun daga can a motar haya kwana biyu yana hanya ya iso da kwalin ganyen shayi a hannu ƙafafunshi duk sun kumbura. To yanzu shi ma Allah ya kawo nashi, za a ɗaura mashi aure a Gembu, kuma na riga na faɗa mashi da motata zan zo. Corolla ce otomatik, bara na saye ta hannun wani abokin aikina da kuɗin adashi da ɗan rance, kuma tun ranar da na shigo da ita gida yayana yake cewa wahala na sawo ko Jibiya ba za ta kai ba, har gaban matata ya faɗa. Jiya da dare na kalli bidiyon hawan da ake yi bayan Serti, kwana bisa kwana, gefe dutse gefe rami, wallahi barci ya gagare ni. Dan Allah waɗanda suka san hanyar, motar za ta hau kau?

Maman Ilham: Wa alaikumussalam. Allah ya bar zumunci. Amma ba ka faɗi yaushe ne bikin ba, kuma kai da wa za ku?

Alhaji Mai Tirela: Yaro tambayarka ma a karkace take. Ni daga Daura nake maka magana, na tsufa a kan sitiyari. Ba hawa ke kashe mutane ba, saukowa ce. Ko akwalar mota ka sa mata giya ɗaya ka yi haƙuri za ta kai ka sama tana kuka. Amma ranar dawowa, in ka ɗora ƙafa a birki tun daga Maisamari kana gangarowa, kafin ka kai rabi za ka ji wari kamar ana ƙona roba, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa salin alin ba abin da ta riƙe, ga kwana a gabanka. Man birkin ne ya tafasa. Daga nan sai salati. Hanyarka dai Kano, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan dutse ya fara, sai Maisamari, Nguroje, Gembu. Ya haura kilomita 1,000 daga ƙofar gidanka. Ka ajiye motar nan a Jalingo ka shiga ta haya, direbobin can sun san kowace kwana da sunanta, har da hawan da suke kira Biyu da Sisi. Otomatik ba motar dutse ba ce, magana ta ƙare.

Injiniya Dutsinma: Baba Alhaji da girmanka, maganar birki gaskiya ce amma ta otomatik ban yarda ba. Malam duba jikin giyarka, ƙasan D akwai 2 da L. Aikinsu kenan, ka sa 2 ko L a gangare injin ya riƙe motar da kanshi, birki kuma taɓawa kaɗan ka saki, ba ka kwantar da ƙafa a kai ba. Wajen hawa kuma kar ka tsorata in ka ji ta yi sanyin jiki, iska ba ta da kauri a sama, injin da ba turbo yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinshi a duk mita 300 da aka hau. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku, Mambila kuma wajen 1,600, ka ga dole ta ɗan yi nauyi. Kashe AC kawai. Kafin ka tashi a canza man birki gaba ɗaya ba ciko ba, don in ya tsufa ruwa yake sha shi ya sa yake saurin tafasa, a duba lagireto da fanka da tayoyi har safaya.

Baban Hanif: Na gode. Motar fa lafiyarta lau, sati biyu da suka wuce na yi juyen baƙin mai. Maganar ajiye ta a Jalingo gaskiya ba zai yiwu ba, hannun wa zan bar ta, kuma akwai kaya.

Alhaji Mai Tirela: Baƙin mai ne zai tsayar da kai a gangare? Su Injiniya a takarda suka san mota. In ka nace sai ka je, ka riƙe jarkar ruwa, duk inda ka ji birki ya yi zafi ka tsaya ka sheƙa wa tayoyin, haka muke yi tun kafin a haife ku.

Injiniya Dutsinma: A'a dan Allah kar ya yi haka. Ƙarfen da ya yi ja ka zuba mashi ruwan sanyi lanƙwashewa yake yi, daga nan sitiyari ya riƙa rawa duk sanda ka taka birki. Ya samu wuri mai faɗi ya faka ya jira ya huce da kanshi.

Maman Ilham: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. Kuma masu yawon duwatsu Allah ya ba ku sa'a, ni shekarata 9 da aure a Daura maigidan tun muna amarci yake cewa zai kai ni Yankari, ko rijiyar Kusugu da ke nan bayanmu sai da ƙanwata ta zo hutu muka biya kuɗin Napep muka je da kanmu. In ka yi magana a ce mai ya yi tsada, amma na zuwa kallon ƙwallo bai taɓa tsada ba.

Baban Hanif: Yi haƙuri Hajiya ban gani ba ne. Ƙarshen watan 8 ne. Ni da maiɗakina da Hanif, watanshi biyar, sai ƙanwarta da za ta riƙa kama mata yaron.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Watan 8? Malam ni a Nguroje na yi bautar ƙasa, shekara guda cur, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Tsakiyar damina kenan, can ruwa tun wajen watan 4 yake farawa har watan 10. Hazo yana saukowa da rana tsaka ka kasa ganin saniyar da ke gabanka sai dai ka ji numfashinta, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, alwalar asuba kau sai an ɗora ruwa a wuta. Ni da na tafi da mayafai marasa nauyi irin namu sai da na sayi rigar sanyi ta gwanjo a satin farko. Wurin yana da kyau ba ƙarya, tuddai kore shar iya ganinka ba ƙaya ba ƙura, shanu manya, ga gonar shayi ta Kakara layi-layi kamar an yi mata kitso, mun taɓa takawa a ƙafa har bakin dajin Ngel Nyaki muka dawo takalmanmu sun yi kilo biyu-biyu da laka. Amma jariri ɗan wata biyar a wannan sanyin, bayan kwana biyu a mota? Ka je kai kaɗai mana, ita ka kai ta da rani.

Abba Keke: Yaya in akwai wuri a but ku tafi da ni da kekena wallahi. Mu da muke Katsina zuwa Dutsinma duk Asabar ba mu taɓa samun hawan kirki ba duk shimfiɗe ne. Burina kenan in hau dutsen nan da keke in sauko, daga nan sai Chappal Waddi.

Ummu Sadiq: Abba Chappal Waddi ba wurin keke ba ne, mita 2,419 ne, babu inda ya kai shi tsawo a Najeriya, yana yankin gandun dajin Gashaka Gumti bakin iyakar Kamaru, a ƙafa ake hawanshi da ɗan jagora kuma ba tafiyar yini guda ba ce.

Alhaji Mai Tirela: Ka ji wani kuma. Keke! Ai can ko mutanen wurin tsofaffin Land Rover suke lodawa in za su shiga ƙauyuka. Yaran yanzu kun ga abu a waya kun ɗauka haka yake. Nawa ɗan haka ya ɗauki motar uwarsa ba izini ya je ya kashe mata giya, har yau bakanike yana cin kuɗina bai gama ba, wata na bakwai kenan. Kai Baban Hanif tsakaninka da Allah, ina ne mafi nisa da ka taɓa tuƙawa?

Baban Hanif: Zariya na je sau biyu, Kano kau ba adadi. Kuma ni ba mai gudu ba ne Baba, ban wuce 80. Maganar in bar su a gida, ita ta fi ni son tafiyar, ta riga ta ɗinka anko, amaryar ma sun saba a waya. Rigunan sanyi za mu saya. Kuma mutumin nan bai duba nisa ba lokacin da nike cikin hawaye, ni ba zan aika mashi da uzuri ba.

Injiniya Dutsinma: Ba wanda ya ce kar ka je. Ka ɗauki direban da ya san hanyar daga Jalingo ko Serti ya hau da ku ya sauko da ku a motarka, kuma kar dare ya same ku a hanya ko ina ne.

Alhaji Mai Tirela: Direban kirki ba zai karɓi otomatik ba.

Maman Ilham: Hajiyarku ta san da jikanta za a tafi?

Baban Hanif: Ta san zan je biki. Sauran zan faɗa mata in lokaci ya matso, yanzu in ta ji yayana zai ji, shi kuma kun san abin da zai ce. Direba kuma in na ba wani motata ya tuƙa ai duk ɗaya ne da abin da ake faɗa a kaina. Zan dai gwada L ɗin nan gobe in Allah ya kai mu in ji yadda take. Akwai wanda ya san inda zan samu tayoyi biyu na hannu masu sauƙi a cikin gari? Na baya sun ɗan sha hanya.

Alhaji Mai Tirela: Na hannu kuma. Ni na yi shiru.

Ummu Sadiq: A ina za ka gwada ta, wane gangare gare mu a Katsina?

Abba Keke: Yaya maganar but ɗin fa, keken ana cire mashi taya ba zai ci wuri ba.