Neman kalmar Hausa: yaya za mu kira "conversion" a lissafin iskar gas?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata lise, wato babbar sakandare, nan Tawa, da yamma kuma ina zama da yaran unguwarmu masu shirin bak, jarrabawar ƙarshen sakandare. Darasi da Faransanci muke yin sa, amma in abu ya ƙi shiga kai, Hausa muke komawa. Akwai kalma guda da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce conversion, wato mayar da awo daga lita zuwa mita kubik, ko daga digirin Selsiyus zuwa kelbin. Na tambaya makon jiya, kun ba ni amsoshi, ga inda na tsaya.

2/ Ku fara ganin abin da ya sa na damu. Na ba su aiki: mol 2 na iskar gas (mol awon yawan sinadari ne) cikin mazubi mai lita 50, a zafin digiri 40, irin na azahar ɗinmu a watan Afrilu. A nemo matsi. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta dokar iskar gas daidai, PV = nRT (P matsi, V girman mazubi, n yawan mol, T zafi, R kuma lamba ce tsayayya), ta sa R = 8,314 daidai, sai ta zuba 40 da 50 yadda suke. Ta samu paskal 13 (da paskal ake auna matsi). Har ta ja layi biyu da jan biro ƙarƙashin amsar. Da ta mayar da 40 zuwa kelbin 313, lita 50 kuma zuwa mita kubik 0,05, da ta samu kusan paskal 104 000, ɗan sama kaɗan da matsin iskar da muke shaƙa a gaɓar teku, 101 325. Dokar ta sani sarai. Abin da ba ta gane ba shi ne R ɗin da ta ɗauka yana da kwanon awonsa: 8,314 ba ya karɓar komai sai paskal, mita kubik da kelbin. Mai son aiki da lita da atmosfer, wani awon matsi, sai ya ɗauki 0,082.

3/ Mutane da yawa sun ce "canji". Na gane dalili. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƴan canji a Ƙonni ya san sefa na zama naira. Amma farashin canji yana hawa yana sauka, mai canji kuma yana cire ribarsa. Lita 1000 kuwa mita kubik ɗaya ce jiya da yau da gobe, ba a rage ko ɗigo. Ba na son yaro ya ɗauka wani abu yana ɓata a hanya.

4/ "Sauyi" ma na ajiye shi, domin muna buƙatarsa a wani wuri: idan iskar da kanta ta ƙara zafi ko aka matse ta, wannan shi ne sauyi.

5/ Wani dattijon malami da ya koyar da ni, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kira ni ya ce: "Ɗana, ka ce fassarar awo. Magana ɗaya ce, harshe ne daban." Baba, maganarka ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma har yanzu da ita nake buɗe darasin. Sai dai fassara tana yarda da kusa-kusa, mutum biyu su fassara abu guda kowa da kalmominsa. Lissafi ba ya yarda da haka.

6/ Wadda ta kwanta mini a rai daga kasuwa ta fito: juye. Mai hatsi ya auna gero da tiya, ya juye cikin buhu. Geron bai ƙaru ba, bai ragu ba, mazubi ne kawai ya zama wani. Don haka ina ba da shawarar "juyen awo". Kalmar tana da aikatau a shirye: juye lita, juye zafi, ka juye kafin ka lissafa. Kuma ba baƙon aiki ba ne gare mu. Yaron da ke jin dala ashirin ya miƙa sefa 100 ba tare da ya tsaya tunani ba, juyen awo yake yi tun kafin a sa shi lakwal.

7/ Wata malama daga Yamai ta kawo gyara mai ƙarfi. Ta ce: "Malam, dala zuwa sefa ninkawa ake yi da biyar, amma Selsiyus zuwa kelbin ƙari ne, 273,15. In ka kira su da suna ɗaya, yara za su ninka." Gaskiyarta. Selsiyus yana fara ƙirga daga inda ruwa ke daskarewa, kelbin kuwa daga can ƙasa, inda babu sauran sanyin da ya wuce nan. Kamar mutum biyu ne ke auna tsawo, ɗaya daga bakin rijiya, ɗaya daga gindinta. Shi ya sa yaro ke cewa in taya ta tashi daga digiri 20 da safe zuwa 40 da rana, matsinta ya ninka biyu. Ina! Daga 293 ne zuwa 313, ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Da ninkawa yake yi, da babu ɗan kabu-kabun da zai kai azahar da tayarsa a garin nan.

8/ Saboda gyaran Malama, na raba shi gida biyu: juyen ninki, na lita da paskal, da juyen ƙari, na zafi. Na gode, Malama.

9/ Saura unité kanta, wato abin da ake ƙirga awo da shi, kamar lita ko kelbin. "Ma'auni" ake yawan cewa, amma ma'auni kuma shi ne abin da ake riƙewa a hannu a yi awo, kamar ma'aunin zafi na likita, to yaya za a bambanta shi da kelbin? A aji ina cewa "kwanon awo" kafin a samu wadda ta fi. Masu Hausar Damagaram da Maraɗi, da ƴan'uwa na Sakkwato da Kano, me kuke cewa?

10/ Jiya na sake ba su aikin, da lita 25 wannan karo. Yarinyar nan ta kai tsakiya, ta tsaya, ta goge layi guda, ta ɗaga kai ta ce: "Malam, ban juye lita ba."