Neman kalma: me za mu kira évanouissement na sinyal da Hausa?

Malamin Sadarwa, Tawa:
Assalamu alaikum. Ana haɗa ɗan littafin koyar da aikin rezo (hanyar sadarwar salula) da Hausa domin masu hawa pilon (dogon ƙarfen da ke ɗauke da antan) da ɗaliban shekarar farko, tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce a Nijar. Babin yaɗuwar sinyal ya cije a kan kalma guda, wadda Faransanci ke kira évanouissement, Ingilishi kuma fading.

Ga nauyin da kalmar za ta ɗauka. Sinyal ɗin da ya baro pilon ba ta hanya ɗaya yake isowa ga salula ba. Wani kaso ya zo kai tsaye, wani ya bugi rufin kwano ya karkato, wani ya bugi bango ko jikin mota. Kowane da tsawon hanyarsa. In sun haɗu a bakin antan, tudun wannan igiya ya hau tudun waccan, ƙarfi ya ƙaru. In tudu ya faɗa cikin kwarin ɗan uwansa, sai su cinye juna. A firekansin 900 MHz tsawon zango, wato tazarar tudun igiya zuwa tudu na gaba, santimita 33 ne (300 a raba da 900 ya ba da mita 0.33), don haka bambancin hanya na santimita 16 da rabi ya isa ya juya ƙari ya koma ragi. A 1800 MHz santimita 8 ya isa. Shi ya sa mai kira yakan gusa taku guda murya ta gyaru, alhali bai matsa kusa da pilon ba. Kalmomi uku aka kawo: suma, dusashewa, ɗaukewa. Ina neman shawararku.

Ɗan Ader:
Wa alaikumus salam Malam. Ɗaukewa dai a ajiye ta gefe, tana da mai ita. In mutum ya ce rezo ya ɗauke, kamar yadda yake cewa kuran ya ɗauke, yana nufin tashar ta mutu ɗungurungum: batir ya ƙare, gurup bai tashi ba, ko fibar ta tsinke. In aka rubuta ɗaukewa a takardar rahoto, wanda aka tura zai nufi akwatin wuta da mitarsa, alhali ciwon yana sama wajen antan. Kalma ɗaya ga cuta biyu asarar mai ce da asarar yini.

Suma kuwa Faransancin ne aka sa wa riga, tunda ainihin ma'anar évanouissement ke nan. Mai suma faɗuwa ɗaya yake yi, kuma ba a auna masa zurfi. A ce sinyal ya suma sau goma a cikin sakan guda, kunne ba ya karɓa. Ni dusashewa na fi so, don mun saba cewa murya ta dusashe, fitila ta dusashe.

Malama ƴar Yamai:
Yaya, dusashewa kalma ce mai kyau, amma muna bukatarta a wani wuri, kuma in muka kashe ta a nan za mu rasa ta can. Abubuwa uku ne ke rage sinyal, kowane da ma'auninsa da maganinsa.

Akwai ragin nisa. A sarari fetal, duk ninka nisa sau biyu yana cin desibal 6 (desibal shi ne ma'aunin ƙari ko ragin ƙarfin sinyal), a cikin gari kuma 9 zuwa 12. Wannan a hankali yake tafiya, ba ya dawowa sai ka juyo. Ita ce dusashewa ta gaskiya. Akwai kuma abin da tsauni ko dogon gini ke yi in ya shiga tsakaninka da pilon, kamar wanda ya gangara kwarin Keita daga kan dutse. Wannan inuwa ce, kuma ba na jin akwai mai gardama da kalmar. Yana canzawa a kan gomman mitoci, kaucewarsa daga matsakaici galibi desibal 6 zuwa 10.

Na ukun ne namu, kuma halinsa dabam. Yana faɗawa ƙasa farat ɗaya ya taso farat ɗaya, a cikin tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Inda babu hanyar kai tsaye, lissafin Rayleigh, wanda ke faɗin yawan aukuwar irin wannan faɗuwa, ya ba mu adadi: kusan kashi 10 cikin 100 na wurare ƙarfin yana ƙasa da matsakaici da desibal 10 ko fiye, kashi 1 cikin 100 da desibal 20, kashi 1 cikin 1000 da desibal 30. Desibal 30 ragi ne sau dubu. To kalmar da muke nema dole ta karɓi tambaya uku: zurfinsa nawa, ya daɗe nawa, sau nawa yake aukuwa. Ina ba da shawarar nutso. Yaron da ke nutso a tabkin Tabalak yakan ɓace ƙarƙashin ruwa ya ɓullo, ana iya faɗin zurfin da ya kai da daɗewar da ya yi. Sai mu samu zurfin nutso, daɗewar nutso, yawan nutso, ba tare da mun ƙirƙiro komai ba.

Baba Mai Rediyo:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, kin raba abin daidai. Duk wanda ya saurari gajeren zango da dare, mita 25 ko mita 31, ya san abin ga tun ba shi da suna. Murya ta yi ƙasa har ka kai hannu ga maɓalli, kahin ka murɗa ta komo da ƙarhi. Dalili guda ne da na salula, sai dai madubin ba kwano ba ne, iyonosfiya ce, rufin iskar da ke maido igiyar rediyo ƙasa, can sama wajen kilomita 300. Wata igiya ta yi tsalle guda ta iso, wata ta yi biyu, kuma rufin da sunka buga ba tsaye yake ba, motsi yake yi. Can abin na ɗaukar sakan da dama, shi ya sa kunne ke jin shi.

Amma ina da ja biyu. Nutso da niyya ake yin shi, sinyal ko ba shi da niyya. Na biyu ya hi damuna: nutso da nutsuwa maƙwabtan juna ne. Ɗalibi shi rubuta sinyal ya nutsu, mai karatu shi hahimci ya zamna lahiya lau, wato kishiyar abin da anka nuha.

Ɗan Ader:
Baba, ja na biyun nan mai ƙarfi ne, bari Malama ta amsa shi. Ni dai na gwada kalmar a cikin lissafin aiki in ga ko za ta tsaya. Mota a hanyar Ƙwanni tana gudun kilomita 60 a awa, wato mita 16.7 a sakan. A raba da tsawon zango na 900 MHz, a samu Doppler na 50 Hz, wato gocewar firekansi da motsi ke jawowa. Da wannan gudun, nutso mai zurfin desibal 20 yana zuwa kusan sau 12 a sakan, kowane yana daɗewa kusan milisakan 0.8. A GSM, wato rezon 2G, salula tana magana a gurbi mai tsawon mikrosakan 577, sau ɗaya a kowane milisakan 4.6. Ke nan nutso guda ba zai ci fiye da gurbi ɗaya ba. Kuma kowane yankin murya na milisakan 20 ana barbaza ƙwayoyin bayaninsa (bit) 456 a kan gurbi 8, don haka lambar gyaran kuskure tana cike abin da ya ɓace. Mai gudu a mota ya tsira.

Wanda ke cikin wahala shi ne na zaune a zaure, wanda salularsa ta faɗa daidai ramin. Nutsonsa ba ya ƙarewa, gurbi takwas ɗin duk sun tafi tare. Maganinsa tsallen firekansi, sau 217 a sakan, domin ramin da ke wannan firekansi ba lallai ya kasance a waccan ba. Kun ga na rubuta duk wannan da nutso, ko sau ɗaya alƙalami bai tsaya ba. Na janye dusashewa.

Ɗalibin Master:
Malamaina, gafara dai. Ina ganin littafin zai fi amfani in an sa gwajin da ɗalibi zai ga abin da idonsa, don sandunan da ke fuskar salula ba sa nuna shi. Salula tana tace awon, ta ba da matsakaici, ramukan su shafe.

Kayan aiki kaɗan ne: sandar RTL-SDR (ɗan rediyon da ake soka wa kwamfuta), ƙaramar antan, kwamfuta. Sandar tana kamawa har wajen 1.7 GHz, saboda haka a yi gwajin a 900, ba ta kai 1800. A nemo tashar BCCH tsakanin 935 da 960 MHz, domin ita ce ke watsawa ba hutu da ƙarfi ɗaya. A kashe AGC, wato abin da ke daidaita ƙarfi da kansa, a kafe ƙarin ƙarfi da hannu. A tace faɗin firekansin da ake kamawa ya tsaya a kan 200 kHz, faɗin tashar GSM ɗaya. Sannan a yi tafiya a hankali, kamar mita ɗaya a sakan, a cikin lungu inda ba a hango pilon, ana ɗaukar awon ƙarfi sau 100 a sakan. Zanen zai fito da ramuka masu tsini, tsakaninsu wajen rabin tsawon zango.

Inda gwajin ke lalacewa wuri uku ne. In AGC na kunne, yana cike ramin kafin a auna shi, layi ya fito sumul. In an bar faɗin a kan 2 MHz, ƙarfin tashoshin maƙwabta ya shigo ya rufe ramin. In kuma ana hango pilon, hanyar kai tsaye ta rinjayi sauran, nutson ya zama marar zurfi, irin wanda lissafin Rice ke bayyanawa, ɗalibi ya ɗauka kayan ne ba su aiki.

Ga masu koya wa na'ura hasashen ƙarfin rezo daga taswira kuma, raba kalmomin nan uku shi ne rabin aikin. Na'ura tana iya koyon dusashewa da inuwa, don nisa da tudu da gini suna kan taswira. Ba ta iya koyon nutso, don babu taswirar da ta san inda aka jingine babur yau. In an ba ta ɗanyen awo, nutso kaɗai yana barin kuskure na kusan desibal 5.6 wanda ba ya sauka, kuma in aka ga ya sauka a wajen horo, haddace ramukan ta yi. Sai a fara ɗaukar matsakaici a kan tsawon zango 20 zuwa 40, wato mita 7 zuwa 13 a 900 MHz, da awo 36 zuwa 50 a ciki, kamar yadda ƙa'idar Lee ta tanada. Wajen jarrabawa kuma a ware unguwa sukutum wadda na'urar ba ta taɓa gani ba, kada a tsinci ɗigo nan da can a titi ɗaya.

Malama ƴar Yamai:
Madalla ƙanena, a sa gwajin nan yadda ka rubuta shi. Baba, maganar niyya ba ta tayar mini da hankali ba. Abin da ya raba nutso da nutsewa shi ne ɓullowa, kuma ita muke so kalmar ta riƙe. Maganar nutsuwa kuwa gaskiyarka ce, kuma maganinta a nahawu yake: kada kalmar ta taɓa zama aikatau. Kullum suna ce, tare da yi. Sinyal ya yi nutso, yana yin nutso. Ba ya nutse ba, ba ya nutsu ba.

Akwai rabe-rabe biyu da littafin zai bukata. In amsa-kuwwar ta makara da mikrosakan 1, wato hanyarta ta fi ta kai tsaye da mita 300, ramukan suna jeruwa a kan firekansi, tsakaninsu 1 MHz. Tashar GSM mai faɗin 200 kHz kusan gaba ɗayanta take shiga ramin. Wannan nutson bai ɗaya ne. Tashar 4G mai faɗin 20 MHz kuwa wani sashenta na ciki wani na waje. Wannan nutso mai zaɓe ne, kuma saboda shi aka yanyanka tashar zuwa ƙananan igiyoyi masu tazarar 15 kHz, kowace ta ga nata nutson a matsayin na bai ɗaya, a gyara ta ita kaɗai.

Baba Mai Rediyo:
Na yarda da nahawun. Saura ruwan sama. In hadari ya taso hoton parabol ya daskare, ko hanyar feso, wato igiyar rediyon da ke haɗa pilon biyu, ta yanke, ba igiyoyi ba ne sunka cinye juna. Ɗigon ruwa ne ke shanye sinyal yana watsa shi, kuma abin na tsananta daga 10 GHz zuwa sama. Shi ma nutso za mu ce?

Malamin Sadarwa, Tawa:
Baba, ina ganin e, domin a bakin mai karɓa kamanninsu ɗaya: ƙarfi ya faɗi ya dawo, yana da zurfi yana da daɗewa. Sai a liƙa masa sanadinsa, a ce nutson ruwan sama, a bambanta shi da nutson hanyoyi da yawa. Bambancin yana da amfani wajen magani. Antan biyu suna maganin na hanyoyi da yawa: in kowace tana cikin rami mai desibal 20 kashi 1 cikin 100 na lokaci, kuma ba su da alaƙa da juna, haɗuwarsu a rami tare 1 cikin 10,000 ce. Amma ruwan sama antan biyun yake jiƙawa tare, maganinsa gajarta hanya, ko sauko da firekansi, ko ƙara abin da ake ajiyewa don ranar.

Wannan ajiyar ma tana neman suna, marge a Faransanci. In hanyar feso tana karɓar −35 dBm (ma'aunin ƙarfin da ya iso, da desibal) a ranar lafiya, na'urar kuma tana yankewa a −70 dBm, akwai desibal 35 a tsakani. Zan rubuta rarar nutso, sai in wani yana da wadda ta fi.

Ɗan Ader:
Rara ta yi, Malam. A ƙara layi ɗaya a babin antan biyu, don can ne ake yawan yin kuskure. Allon antan na yanzu yana ɗauke da rassa biyu a ciki, ɗaya ya karkata digiri 45 dama, ɗaya hagu. In ruwa ya shiga mahaɗin kabul ɗaya, ko aka sarƙe kabul ɗin wannan fuska da na waccan wajen ɗaurawa, tashar ba ta mutuwa, kuma sau da yawa ba ta kukan ƙararrawa. Salula tana nuna sanduna cike, amma kira yana tsinkewa daga ɓangaren mai magana, domin pilon ya koma ji da kunne ɗaya, kowane nutso yana samunsa kai tsaye. A kwatanta matsakaicin ƙarfin da rassan biyu ke karɓa. In ɗaya ya dinga zama ƙasa da ɗan uwansa da desibal da yawa, a hau a buɗe mahaɗan, a bi kowane kabul daga allo har ƙasa.