Neman kalma: me za mu kira B-movie da Hausa?

Jama'a masu son tsofaffin fina-finan tsoro, ku zo mu raba gardamar nan, don har yanzu ba mu tsayar da suna ɗaya ba ga abin da Turawa ke kira B-movie, kowa da nasa, wasu ma kawai sai su ce ƙaramin fim su wuce, alhali ƙaramin fim zai iya zama gajere kuma ba shi ake nufi ba.

Asalinsa dai daga Amurka ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye mutane suka rage zuwa sinima, sai masu gidajen kallo suka fara nuna fim biyu da tikiti ɗaya. Mai manyan taurari shi ne A, ɗayan da ake haɗawa da shi shi ne B, tsawonsa awa ɗaya da 'yan mintuna, an yi shi cikin gaggawa da kuɗi kaɗan. Akwai kamfanoni irin su Monogram da Republic da kusan sana'arsu ke nan.

Wani ya kawo fim ɗin araha. Ni gaskiya ban yarda ba, da ka ce araha sai mutum ya tuna araha ba ta ado, ka riga ka yanke wa fim ɗin hukunci tun bai kalla ba. Wani ya ce fim ɗin gyara, tunda ƙari ne aka yi maka a kan abin da ka biya. Wannan ta burge ni sosai, matsalarta kawai mai karatu zai ɗauka fim ne da ya lalace ake gyarawa. Sai ɗan rakiya, wadda ta dace da tarihin daidai don rakiyar babban fim yake yi, amma ita ma akwai raini a ciki, kuma daga shekarun 1950 sunan ya koma kan duk fim mai ƙaramin jari ko da shi kaɗai aka nuna.

Ni abin da nake so mu tsaya a kai shi ne fim ɗin maleji. Ku saurari dalilina.

Kamfanin RKO ya ɗauko wani mai shirya fim, Val Lewton, ya ce ya yi masa fina-finan tsoro, sharaɗi kada kowanne ya wuce dala 150,000, kada ya kai minti 75, kuma sunan fim ma su za su ba shi. A haka ya fitar da Cat People a 1942. Babu kuɗin ƙera dodo mai kyau, to sai suka ɓoye dodon, wato damisar da ke cikin labarin, cikin duhu suka bar kunnenka ya yi aikin. Akwai inda wata mata ke tafiya da dare ita kaɗai, tana jin takun ƙafa a bayanta, takun ya ɗauke, shiru, tana waige tana ƙara sauri, kana jiran damisa ta diro mata sai ka ji wani huci mai ƙarfi, ashe birkin bas ne ta tsaya a gabanta. Wallahi ko ka san da zuwansa sai gabanka ya faɗi, kuma har yau masu fim suna aron dabarar nan. George Romero ma a 1968 da kusan dala 114,000 ya yi fim ɗinsa na gawarwaki masu tashi, Night of the Living Dead, a kusa da birnin Pittsburgh na Amurka, baƙi da fari, jinin da kake gani ruwan cakulan ne kuma ba za ka taɓa ganewa ba. Wannan fa ba don rakiyar kowa aka yi shi ba, ka ga ɗan rakiya ba ta kama shi, maleji kuwa ta kama. Mai maleji ba shi da yawa amma ya san yadda zai juya ɗan abin da ke hannunsa har ya isa, babu zagi a kalmar.

Su kuma gajerun fina-finan dariya na wancan zamani, masu kamar minti 20 da ake sakawa kafin babban fim, ina ganin gajeren barkwanci ya wadatar, ba sai mun wahala ba. 'Yan barkwancin nan uku da ake kira Three Stooges kaɗai sun yi wa kamfanin Columbia guda 190. Inda nake neman taimakonku shi ne slapstick, wato dariyar da jiki ke kawowa ba baki ba, mari da santsi da faɗuwa, irin fim ɗin da 'yan barkwanci biyu, Laurel da Hardy, suka yi a 1932 suna ta fama da fiyano a kan doguwar matakala tana sulalowa ƙasa suna sake ɗauka, fim ɗin har ya ci kyautar Oscar. Ni na fi karkata ga barkwancin faɗi-tashi, sai dai faɗi-tashi a bakinmu ta fi nufin wahalar neman abinci, ina tsoron kada ta ja hankali can. Malamai masu Hausa a baki, in akwai wadda ta fi ta zama ku kawo.