Wa ya taɓa tsayawa a tsakiyar rawar mutum takwas?

Mazaunin Glasgow: Salamu alaikum 'yan uwa. A daren 30 ga Nuwamba, ranar bikin St Andrew, waliyyin ƙasar nan ta Scotland, maƙwabtana suka gayyace mu ni da maiɗakina zuwa rawar gargajiyarsu, aka sa mu cikin wadda suke kira Eightsome Reel. Mutum takwas ne, bibbiyu a kowane ɓangare na kusurwa huɗu, mace a hannun daman namijinta, na farko sun ba makaɗa baya. Har yau abin bai bar raina ba. Wanda ya taɓa yi, ya ba mu labarin yadda ya ji.

Maman yara, Aberdeen: Wa alaikumus salam Malam. Ni na daɗe ina ƙin shiga saboda riƙe hannun maza. Da na faɗa wa malamar ajinmu, ko gardama ba ta yi ba, ta haɗa mu mata takwas. Dama maza sun yi ƙaranci a ajin, mata sun saba tsayawa a gurbinsu. Da layi ya zo kaina na shiga tsakiya ni kaɗai, su bakwai suka kama hannu suna kewaya ni, ƙafata sai rawa take don tsoro. Wata tsohuwa mai farin gashi ta kafe ni da ido, tana ƙirga min taku da leɓɓanta ba tare da sauti ba. Da ita na riƙe har na fita. Shekara biyu ina garin nan, ranar ce na fara jin an san da ni.

Ɗalibi a Dundee: Hajiya, ai tsakiyar nan ita ce rawar. Mata huɗu ke fara shiga ɗaya bayan ɗaya, sannan maza. Gaɓar kiɗa 40 a farko, 48 ga kowane mutum cikin takwas ɗin, 40 a ƙarshe, 464 ke nan, kusan minti takwas babu tsayawa. Ni takalmi mai tauri na sa, ƙwaurina ya yi kwana uku yana ciwo. Ku nemi mai taushi marar dunduniya.

Mazaunin Glasgow: Inda na sha wuya shi ne sarƙar nan, a ba wannan dama, a ba na gaba hagu, maza su bi ta nan, mata ta can. Na miƙa hannun da ba shi ba, layin ya cuɗe. Babu wanda ya ɓata rai, wani dattijo cikin kilt, siket ɗin gargajiya na mazan Scotland, ya dafa kafaɗata ya juya ni, mai akodiyon da mai goge ba su ko sassauta ba.

Yaya Babba, Edinburgh: Ƙanena, kowa da haka ya fara. Akwai bambanci tsakanin rawar biki, inda ake ihu ana juyi da ƙarfi, da ta RSCDS, ƙungiyar koyar da rawar gargajiyar Scotland, wadda Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a Glasgow a 1923. A azuzuwansu sai an gyara maka tsayuwar ƙafa da inda za ka kalla. Ni na fi son tasu, don a can na koyi duban fuskar wanda zan ba hannu kafin hannun ya iso.

Maman yara, Aberdeen: Yaya, Alhamis mai zuwa zan tafi da babbar 'yata. Tun jiya take gwada takun a kicin, ta jera kujeru bakwai kewaye da ita.