Muhawara: shekara 300 na sa ido sun isa a saki jujin nukiliya?

Injiniya: Ni dai ina nan kan bakana. Jujin sharar nukiliya mai ƙarancin tururi, irin na La Manche a Faransa, in an rufe shi da kyau, shekara 300 na sa ido sun wadatar. Siziyom-137, sinadari mai tururi da ke cikin sharar, duk shekara 30 rabinsa ke mutuwa. A yi haka sau goma, abin da ya rage bai cika kashi 1 cikin 1,000 ba.

Malama: Lissafinka daidai ne, Injiniya, amma na siziyom ne kaɗai. Daga 1969 zuwa 1994 an jibge kubik mita kusan 527,000 a wurin, kuma a shekarun farko ba a tantance kaya kamar yanzu. Akwai fulutoniyom a ciki, nau'in 239 kuwa sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya tafi. Ga dalma, wadda ba ruwanta da shekaru. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 1996 cewa ya yi filin ba zai saku ba bayan shekara 300.

Injiniya: To ai amfanin rufin ke nan. Shimfiɗar kwalta tsakanin yashi sama da ƙasa, bututun janye ruwa, sannan ƙasa da ciyawa.

Mai Rijiya: Rufin ne abin tsoron, ranka ya daɗe. Tsofaffin gangunan da ke da kogo a ciki suna tsatsa su burme, ƙasa ta lotsa, kwaltar ta miƙe. Shi ya sa ake kafa turaku ana auna lotsawar, ana duba bututun da ke ƙarƙashin kwaltar. Ranar da ya kawo ruwa fiye da yadda ya saba, sai a nemi ɓula. Itace ma ba a barinsa ya tsiro saboda saiwa. In an janye ma'aikata, wa zai yi sassabe? Tiritiyom kuma, wani sinadarin mai tururi, cikin ruwa yake tafiya abinsa: tun 1976 aka gano shi a rafin Sainte-Hélène, har yau Andra, hukumar kula da sharar nukiliya ta Faransa, na ɗibar ruwan rijiyoyin gwaji.

Ɗan Arlit: Ku dubo mu nan. Ma'adinar yuraniyom ta COMINAK ta rufe a Maris 2021, ta bar tarin dusar yuraniyom wajen tan miliyan 20 a Akokan kusa da Arlit a Nijar, shirin kuma rufi ne na laka da dutse mita 2. Radiyom-226 da ke cikin dusar shekara 1,600 yake ɗauka kafin rabinsa ya tafi.

Injiniya: Dusar ma'adinai daban ce, ɗan'uwa, ban sa ta a lissafina ba. La Manche na sallama muku. Amma jujin Aube na Faransa da ya gaje shi a 1992, mai ɗakunan kankare da iyakar abin da ake karɓa, sai kun kawo wata hujjar.